Ruɓaɓɓun Gumaguman Mai Guga

Mai Guga ake ce mata, ko da yake rabonta da riƙe dutsen guga an daɗe. Sunan ya biyo ta ne daga shagon wanki da guga na bakin kasuwa, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta a tsaye, tururi na dukan fuskarta, tana fitar da kari a wandunan mutanen da ko gaishe ta ba sa yi. Da wannan tsayuwar ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar ubansu. Har yau in ta kalli rigar mutum ta san ko gwani ne ya goge ta ko ɗan koyo, kuma ba ta iya riƙe bakinta a kai.

Da gwiwoyinta suka fara ƙara, sai autanta ya zo ya ɗauke ta. Auta dai, haka kowa ke kiransa, duk da furfura ta fara leƙo masa a gemu, kuma a wurin aiki har gaishe shi ake yi da rusunawa. Mutumin kirki ne, kada wani ya ce na ɓata shi. Kirkin nasa ne dai mai shaƙe wuya. Ya ajiye ta a hawa na huɗu, ɗaki mai labule da fanka da katifa mai laushi, sannan ya kafa doka cewa Inna ta gama wahala. In ta ɗauki tsintsiya, surukarta ta karɓe da murmushi. In ta nufi kicin, a ce ta zauna za a kawo mata. Dutsen guga kuwa saman kabad aka kai shi aka ɓoye, sai ka ce maganin ɓera. Hutu suka kira abin. Ita kuwa ta ce ko kazar da aka ɗaure don gobe ana ba ta irin wannan hutun, aka yi dariya, aka ƙara mata filo.

Abu ɗaya aka yarje mata, tattaki da safe, shi ma don likita ne ya ce ƙafa tana so. A wannan tattakin ne, farkon wata damina, ta hango wata tsohuwa 'yar firit a tsugune gefen magudanar ruwa, kanta a ƙasa. Mai Guga ta zaci faɗuwa ta yi, ta ƙarasa da sauri za ta ɗaga ta. Tsohuwar ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce baiwar Allah ta matsa, ta tare mata haske. Da wuƙa a hannunta da kwando a gefe, tana yankan wasu fararen abubuwa a gindin wani kututture. Naman kaza ne, dangin lemar kwaɗi da ake ci, wanda Mai Guga ta yi shekara da shekaru tana takawa da takalmi ba ta san abinci ba ne.

Mai Kwando ke nan, haka masu harkar suka san ta. Ba ta da fara'a, ba ta da haƙuri, kuma sai da Mai Guga ta yi ta zarya a ƙofarta kamar mai neman aure kafin ta yarda ta koya mata. Makarantar a barandarta take. Takan shimfiɗa tsohuwar jarida, ta juye abin da ta samo, ta sa ɗalibarta ta ɗauki kowanne ta kifa shi, ta duba ƙasan hular, ta duba ƙafar, ta shinshina, ta ɓantara ta ga ko cikin zai sauya launi, sannan ta faɗi ko a itace ya fito ko a ƙasa. Da gangan take cusa lemar kwaɗi mai guba a cikin na kirki. In Mai Guga ta miƙa hannu ga wanda bai dace ba, sai ta ji ƙotar wuƙa ƙwas a bayan hannu. Mace da jikoki ana ƙwala mata ƙota! Amma daɗi take ji, wallahi, don rabon da wani ya sa ran ta iya wani abu har ta manta.

Dokokin ba su da yawa. Wanda ba ki sani ba ki bar shi, ko da kuwa ya yi kama da ɗan'uwan wanda kika ci jiya. A yanka da wuƙa, ba a tumɓukewa. A bar jarirai su girma, a bar tsofaffi su zubar da iri. In an gama a mayar da ganye yadda aka same shi. Da Mai Guga ta ga idonta ya fara buɗewa, sai ta ce to yaushe za ta bi ta su je inda take samowa. Mai Kwando ta dube ta tun daga ɗankwali har silifa.

"Ido nake koyarwa, ba na koyar da ƙafa," in ji ta. "Wurina nawa ne. Je ki nemi naki."

Mai Guga ta ji haushi, ta ɗauka rowa ce. Daga baya ta gane haka al'adar masu kwando take. Ko ciki ɗaya kuka fito ba a nuna wuri. In biyu suka yi kiciɓis a ƙarƙashin bishiyoyi, sai a gaisa, a yi zancen ruwan bana da ciwon baya, babu mai kallon kwandon wata, kowacce tana jira ɗayar ta fara tafiya. Akan yi tsayuwar da ta ishi dafa wake. Amma kuma in ka faɗa wurin wani, ka ga sawun wuƙa a gindin itace, sai ka ja da baya ka bar masa abinsa. Ba rowa ba ce. Wurin da ƙafa ta yi wa yawa mutuwa yake yi.

Damina biyu ta yi tana nema. Ta bi bayan filin ƙwallo, ta bi gefen layin dogo, ta zagaya katangar wani tsohon asibiti. Tururuwa ta cije ta, ƙaya ta yaga mata zane, wani maigadi ya kore ta don ya zaci ɓarauniyar ƙarfe ce. Kullum ta dawo da kwando wayam da taɓo har idon sawu. A gida aka fara ƙus-ƙus. Ta ji da kunnenta surukarta tana tambayar Auta ko dai a kai Inna a duba mata kai, don yawon nan ya fara yawa. Ta haɗiye, ta ci gaba. Sannu a hankali ta daina bin hanya ta koma bin inuwa, ta koyi jin warin danshi daga nesa, ta koyi lura da inda ruwa ke kwana bayan ko'ina ya tsane.

A damina ta uku ta samu. Bayan wani gidan yankan katako da aka daɗe da rufewa akwai shinge da ya karye, bayan shingen akwai ɗan kwari a ƙarƙashin manyan bishiyoyi, inda rana ba ta sauka. A nan masu katako suka riƙa jefar da gumaguman da ba su yi musu ba, tun wani zamani. Sun ruɓe sun yi laushi kamar burodi, ganye ya lulluɓe su. Ta sa sanda ta ɗaga ganyen, sai ga su nan jere a jikin itacen, farare, wani bisa wani kamar farantan da aka kife. Ta duba ko'ina babu sawun wuƙa. Ta zauna daɓas a kan gungume mai jiƙe, tana dariya ita kaɗai har da hawaye.

Ba gida ta nufa ba, barandar Mai Kwando ta nufa. Tsohuwar ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina, ta ɓantara, ba ta ware ko guda ba. Ta tura mata kwandon, ta ce kada ta kuskura ta gaya mata inda ta samo. Ranar ce ta fara ba ta kujera.

A gida sai da aka yi ƙaramin yaƙi kafin a bar ta ta shiga kicin. Ta soya da albasa da ɗan gishiri, ƙamshi ya cika bene. Auta ya tsaya a kanta da waya a hannu yana karanto mata labaran waɗanda suka ci suka mutu. Ta cinye a gabansu ta lashe cokali. Yini guda suna leƙa ta a ɗaki, wai sun zo ɗaukar wani abu. Da gari ya waye ba ta mutu ba, surukar ta ɗanɗana. Kafin damina ta raba tsakiya Auta da kansa yake kankare kasko, yana tambaya ko babu ƙari.

Nan fa Mai Guga ta dawo mutum. Ba naman kazan ne abin ba, ko da yake tana son shi. Abin shi ne ta sake zama mai shigo da wani abu gida, ba wadda ake kawo wa ba. A duk faɗin garin akwai wuri guda da ita ta nemo da ƙafarta, ita ta san lokacinsa, babu mai karɓe mata da murmushi. Ta san kowane gungume kamar yadda ta san 'ya'yanta, wanda ke saurin bayarwa, wanda sai an yi ruwa mai nauyi, da wanda ya tsufa ya kusa zama ƙasa. Ko ranar da babu abin yanka takan je ta gyara musu ganye ta dawo.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata safiya bayan ruwa santsi ya ɗebe ta a gangaren kwarin, ƙafa ta gurɗe. Da jan jiki ta kai bakin titi, wani mai mota ya tausaya ya kawo ta gida. Likita ya ce targaɗe ne mai tsanani, ya naɗe ƙafar. Auta ya tayar da hankalin gidan, ido jajir, ya ce da ta kwana a can fa, wa ya san inda za a neme ta? Wannan kam yana da gaskiya, ba zan hana shi ba. Sai ya yanke hukunci, ko dai ta nuna masa wurin, ko kuwa ita da fita sai dai a taga.

Ta yi ta turjiya. Ta yi fushi, ta ƙi abinci, ta juya wa bango fuska. Auta ko gezau. Da ta ga damina na wucewa tana kwance, sai ta sauko, bisa sharaɗin ba zai gaya wa kowa abin da ke fitowa a wurin ba. Ya yi alkawari har da rantsuwa. Ba ta ce masa kada ya taɓa komai ba. Wa zai kawo wannan a ransa? In ka nuna wa mutum ɗakinka, sai ka ce masa kada ya rushe?

Ya ɗauke ta a mota, ya riƙe ta har bakin kwarin. An kwana biyu ba a yi ruwa ba, saboda haka babu abin da ya fito, sai gumagumai baƙaƙe da tulin ganye. Auta ya yamutsa fuska, ya ce nan ai gidan maciji ne da kunama. Ya tambaya ko a nan suke fitowa. Ta ɗaga hannu ta nuna wurin gaba ɗaya da alfahari, ta ce a nan. Ya tsaya yana dube-dube, yana auna nan da can da ido. Kallon nan har daɗi ya yi mata, baiwar Allah, ta ɗauka ya fara ganewa.

Tana jinya, shi kuma duk ƙarshen mako sai ya fice da sassafe, ya dawo da gumi da ƙasa a takalmi. In ta tambaya sai ya ce wani ɗan aiki ne, su kalli juna shi da matarsa suna danne murmushi. Ranar da aka kwance mata ƙafa, ya ce ta shirya, akwai abin da zai nuna mata. Ta ɗauki kwando da wuƙa, don daren jiya an yi ruwa irin wanda take so.

Tun daga bakin shingen gabanta ya faɗi. Inda ya karye an kafa ƙofa. Daga ƙofar an zuba tsakuwa, hanya sambal har ƙasa, da ƙarfen riƙewa a gefe. An sassare rassan da suka sauko, rana ta shigo tar kamar tsakar kasuwa. An share ganyen kaf da manjagara an ƙone, ga baƙin tabon wutar nan a gefe. Gumagumai kuwa babu ko ɗaya, ko ɓawo ba a bari ba. An baje ƙasar, an kafce ta, an ja kunya-kunya kamar za a shuka alayyafo, warin taki na tashi. A tsakiya ga benci sabo fil, an shafe shi da koren fenti.

Auta yana gefe yana zuba bayani, fuska kamar gonar auduga. Ya nemo mai filin ya samu izini, mutumin har godiya ya yi. Ya ɗauko leburori, kuma bai karya alkawari ba, ce musu ya yi wurin hutawa yake gyara wa mahaifiyarsa. Itacen da ke da sauran ƙwari an ba gidan burodi, ruɓaɓɓun kuwa motar shara ta kwashe. Yanzu ba maciji, ba santsi, in ta gaji ga wurin zama. Ya tsaya yana jiran albarka.

Ƙafar Mai Guga ta fara zugi, dole ta zauna a kan bencin, kuma abin takaici yana da daɗin zama.

"Auta," ta ce, "a jikin itacen suke fitowa."

"Ƙasar ai tana nan, Inna. Har taki na sa aka zuba."

"Ba ruwansu da ƙasarka. Itacen ne gidansu, shi ne abincinsu. Ka kwashe su ka ba motar shara."

Ya ɗan yi turus, sannan ya ce to me ya sa ba ta faɗa ba.

"Me ya sa ba ka tambaya ba?"

Ka ji fa inda gizo ke saƙar. Makonni ya yi yana wannan aiki. Ya tambayi mai fili, ya tambayi mai tsakuwa, ya tambayi mai fenti kalar da ba ta kama datti. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wurin nan, tana kwance a ɗakin da ke kusa da nasa, yana kai mata shayi da hannunsa safe da yamma, bai taɓa buɗe baki ya ce Inna, yaya abin nan yake ba. Don me zai tambaya? Tsohuwa ce, ta gama wahala, shi ne mai tunani a madadinta. Garin gyaran gira ya tsokale ido, kuma har ya tsaya a yaba masa.

Da ya ce ya yi kuskure, da an samu na riƙewa. Ina! Ya dafa kafaɗarta ya ce ta kwantar da hankalinta, za su sake fitowa, abin ƙasa ai ba ya ƙarewa. A mota ya gaya wa matarsa a waya cewa Inna ta ɗan gaji ne. Ita kuwa ta rungume kwandonta har gida, cike da haushi tsantsa.

Ta je wa Mai Kwando da labarin. Tsohuwar ba ta zagi Auta ba, ba ta kuma ce mata sannu ba. Ta ce gungume kafin ya kai haka yana cin shekarun da ake rainon yaro har ya yi hankali, kuma su biyun babu mai wannan lokacin. Ta ƙara da cewa ai ita Mai Guga ce ta kai shi wurin. Mai Guga ba ta musa ba. Ba ta roƙi a nuna mata wani wurin ba, ita ma Mai Kwando ba ta yi tayi ba. Suka zauna suna kallon titi har rana ta take.

Ta so ta sake nema daga farko, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. In ta yi 'yar tafiya sai ta kumbura kamar tulu, yawon layin dogo da bayan katanga ya fi ƙarfinta. Auta kuma ya ƙara ɗaure doka, babu fita sai a motarsa.

Da damina ta zagayo, ciyawa ta rufe kunyoyin nan. Wata rana Auta ya shigo da murna, leda cike a hannu, yana cewa ba ya faɗa mata za su fito ba? Ta leƙa ledar. 'Yan siraran lemar kwaɗi ne da suka tsiro a kan takinsa, ya tumɓuko su har da saiwa, har ya ce wa matarsa ta yanka albasa. Mai Guga ta fizge ledar ta ɗaure bakinta tam, ta sa aka kai shara, ta tsaya a kansa sai da ya wanke hannu da sabulu. Ya ce wataƙila ruwan bana ne bai yi kyau ba, a jira baɗi.

Har yanzu ana jiran baɗin. Duk ƙarshen mako Auta yakan sa ta a mota ya kai ta can, don a saninsa babu inda Inna take so a duniya kamar nan. Tana zuwa, tunda ita ce kaɗai fitar da ta rage mata. Wurin ya yi suna a unguwa, mutane na shigowa shan iska, masu sayar da lemo sun kafa tebur a bakin ƙofa. Takan zauna a ƙarshen bencin, hannu a cinya, tana kallon inda babban gungumen yake a da, shi kuma yana gefe yana latsa waya.

Kwanan baya wata mata mai kamar shekarunta ta zauna kusa da ita tana haki. Da ta ji cewa ɗan wannan tsohuwar ne ya gyara wurin don uwarsa kawai, sai ta kama hannun Mai Guga, idonta ya kawo ruwa, ta ce nata 'ya'yan ko waya ba sa yi mata.

"Kin yi dace, 'yar'uwa. Allah ya ba kowa ɗa irin naki."

Auta ya ɗago kai yana murmushi, yana jiran ya ji. Mai Guga ta daɗe tana kallon tsakuwa. Ba a ƙin amsa addu'a, kuma ɗanta ne, ita ta haife shi.

Ta ce amin.